Kafin a sa maka banju, je ka tambayi kakarka

Shekara 19 ke nan ina aiki a ɗakin tiyata a Jidda. Ni ba likita ba ne. Ni ne mutumin da ke tsaye a bayan likitan banju, wato mai sa mutum barcin tiyata, wajen kan mara lafiya, wanda Larabawa ke kira fanni takhdir. Da asuba ni ke haɗa na'ura, in zuƙo allurai in jera, in miƙa bututun da ake zura wa mutum a maƙogwaro in barci ya ɗauke shi. A Makka aka haife ni, a Shara Mansur. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya yada zango a Sudan yana tsintar auduga har ya tara kuɗin jirgin ruwa. Saboda Hausar da na tsotsa a gida, duk lokacin da aka kawo wani namu da Larabci bai zauna masa ba, ni ake nema in yi tafinta.

Akwai wata cuta da yawancin masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba. Ba ta ciwo, ba ta sa rama, ba ta fitowa a gwajin jini na yau da kullum. Mutum zai yi rayuwarsa garau har ya yi furfura, muddin bai haɗu da wasu nau'o'in banju ba. Ranar da ya haɗu da su kuwa, jikinsa na iya kamawa da wuta daga ciki. Likitoci na taƙaita sunanta da haruffa biyu, MH, da Larabci kuma farɗul hararatil khabis. Ni in zan yi wa mutanenmu bayani sai in ce mugun zafin banju.

Sau ɗaya tak na gan ta da idona, kuma ban yi abin a yaba ba a mintunan farko.

Yaro ne ɗan shekara 16, ya karye a hannu wajen ƙwallo, za a sa masa ƙarfe. Lafiyayye, kilo 60 cif. Aka sa shi barci, aka buɗe masa iskar banju da ake kira sebofuluren, likitan ƙashi ya fara aikinsa. Bayan kamar minti 40 sai lambar da ke nuna gurɓatacciyar iskar da mutum ke fitarwa, kabon dayoksaid, ta fara hawa. Wurin zamanta tsakanin 35 ne da 45. Ta kai 55. Likitan banju ya ƙara wa yaron yawan numfashi, maimakon ta sauka sai ta kai 65. Ni kuma na kafe a kan na'ura ce ta samu matsala. Na duba bututu, na duba mahaɗansu, na ce bari in canza gwangwanin sodalaim, garin nan da ke tsotse gurɓatacciyar iska. Ina kama gwangwanin na ji shi da zafi kamar kofin shayi, garin da na zuba sabo da safe ya riga ya rine. A nan gabana ya faɗi. Zuciyar yaron na bugawa 140 a minti ɗaya, cinyarsa da na taɓa ta ƙasan mayafi kamar icce, alhali an ba shi allurar sakin tsoka. Zafin jiki kuwa sai daga baya ya fito fili, ya haura 39 yana ci gaba. Ka lura da wannan: duk da sunan cutar, zafi ba shi ke fara zuwa ba.

Likitan ya rufe iskar banju, ya buɗe oksijin har ƙarshe, ya ce wa mai aiki ya tattara ya rufe, ya ɗaga murya a kawo dantirolin. Maganin gari ne mai launin ruwan lemo a cikin kwalba, kowace kwalba miligiram 20, kuma sai an zuba mata ruwan allura mililita 60 an girgiza sosai kafin ya narke. Ƙa'idar farko miligiram 2.5 ce a kowane kilo, wato yaron na bukatar kwalba 8 nan take. Mu huɗu muka tsaya muna girgiza kwalabe, gumi na zuba, wata nas na gudu da bokitin ƙanƙara ana cusa masa a hammata da matsematsi, ana ɗura masa ruwa mai sanyi ta jijiya. Kafin a gama ba shi zagaye na biyu lambar ta fara sauka. Fitsarin da ya taru a leda daga baya baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta. Ya kwana uku a ɗakin kulawa ta musamman, ya tashi.

Da yamma aka ce in je in yi wa kakarsa bayani, domin Hausa kawai take ji sosai. Na same ta a benci da carbi.

"Sannu Hajiya, ya mai jiki?"

"Ɗan nan, ashe namu ne. Gaya mini gaskiya don Allah, yana da rai?"

Na ce yana da rai, na kwatanta mata abin da ya faru daidai gwargwado. Sai na tambaye ta ko a danginsu an taɓa yin wanda ya shiga aiki bai fito ba. Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba.

"Baffansa," ta ce. "Ƙaba ce aka je yi masa aiki can gida, da ƙafarsa ya shiga. Da aka ba mu shi, gawar da zafi kamar yanzu aka sauke tukunya, kuma a sandare, da ƙyar masu wanka suka miƙar da hannunsa. Muka ce kwana ne ya ƙare."

Uban yaron ya cike takardar tambayoyi da safe, a gurbin da aka ce ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da banju ya rubuta a'a. Kuma bai yi ƙarya ba. Yana ɗan shekara 7 yayansa ya rasu, abin da aka gaya masa shi ne zazzaɓi. Labarin na nan a bakin tsohuwa shekara da shekaru, ba wanda ya tambaye ta.

Haka ma aka fara gano cutar tun asali. A 1960, a birnin Melbon na Ostareliya, mota ta buge wani saurayi ɗan shekara 21 ya karye a ƙafa. Karayar ba ta dame shi kamar banju ba, ya ce danginsa goma sun mutu a ƙarƙashinsa. Aka ba shi halotan, wata iskar banju da take sabuwa a lokacin, cikin mintuna jikinsa ya rikice, aka lulluɓe shi da ƙanƙara ya tsira. Wani likita mai suna Michael Denborough ya bi zuriyar gida-gida, ya nuna cewa abin gado ne.

Sauran ilimin kuwa daga inda ba ka zata ya fito. Mu nan ko sunan alade ba ma son ji a gaban abinci, amma maganin da ya ceci yaron nan a jikin alade aka fara tabbatar da shi. Makiyaya a Turai da Amurka sun daɗe suna zaɓen aladu masu tsoka da ƙarancin kitse, irin su Fiyetiren na Beljiyam da Landires, ba su san suna yaɗa wani lahani tare da tsokar ba. Irin waɗannan dabbobi in aka loda su a mota, ko suka yi faɗa, ko zafi ya matsa, sai wutsiya ta fara karkarwa, baki a buɗe suna haki, fata ta yi dabbare-dabbare, su sandare su mutu cikin mintuna. Waɗanda suka kai mayanka kuma namansu ya fito fari, ya yi laushi yana tsiyayar ruwa, mahauta na asara. A 1966 likitocin dabbobi a Kambirij ta Ingila suka ba da rahoton aladun da suka sandare da zafi a ƙarƙashin banju, a 1968 kuma wani likitan banju a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, Gaisford Harrison, ya ci karo da abin yayin da ake gwajin dashen hanta a kan aladu. Nan aka gane cewa cutar makiyaya da cutar ɗakin tiyata uwarsu ɗaya. Har aka ƙirƙiro gwaji: a kafa wa ɗan alade takunkumin halotan na 'yan mintuna, in ƙafafunsa na baya suka miƙe suka ƙage, yana da ita.

Da farko zargi kan ƙwaƙwalwa ya faɗa, kuma da hujja. Dabba na zaune lafiya, an firgita ta, ta mutu. Me ke haɗa tsoro da jiki in ba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba? Masu bincike suka duƙufa suna auna sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, dofamin da noradirenalin da serotonin, suna kwatanta na aladu masu cutar da na marasa ita. An kuma ga cewa in rikicin ya tashi adirenalin na cika jini, har an nuna wasu magungunan da ke kwaikwayon serotonin na iya tayar da shi a jikin alade mai lahanin. Amma Gerald Gronert da abokan aikinsa a Amurka suka toshe lakar alade gaba ɗaya da allura, yadda adirenalin bai samu damar hawa ba, suka ba shi halotan, cutar ta tashi duk da haka. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce mafi sauƙi. A yanko ɗan siririn tsoka daga jikin mai cutar, a rataye shi a ruwan gishiri, ba ƙwaƙwalwa ba jijiya, a busa masa halotan: zai ƙanƙance da kansa. Na lafiyayye ba ya yin haka. Ƙwaƙwalwa na iya ƙwanƙwasa ƙofa, amma sakatar da ta lalace a tsoka take.

A cikin kowane zaren tsoka akwai rumbun kalsiyam. In kana son ɗaga hannu, ƙofar rumbun ta buɗe kaɗan, kalsiyam ya fito, tsoka ta ɗaure, a mayar da shi a rufe, tsoka ta saki. Sunan ƙofar RYR1. Mai wannan gado ƙofarsa na da saurin buɗewa, in banju ya taɓa ta sai ta wangale ta ƙi rufuwa. Tsokar jiki duka ta ɗaure ba hutu, tana cinye oksijin, tana fitar da gurɓatacciyar iska da tsami da zafi, wanda kan iya hawa digiri ɗaya zuwa biyu a duk minti 5. Daga nan zaren tsokar ya fashe, fotasiyam ya kwarara cikin jini ya rikita bugun zuciya, jan sinadarin tsoka ya je ya toshe ƙoda, shi ne baƙin fitsarin nan. A 1975 Harrison ya nuna dantirolin na kashe wutar a jikin alade, a 1979 Amurka ta amince a yi wa mutane allurarsa. Kafin nan, cikin mutum goma da abin ya kama bakwai ko takwas ke mutuwa. Yau inda ake da maganin a kusa masu mutuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 1991 ɗakin binciken David MacLennan a Toronto ya gano ainihin harafin da ya sauya a ƙwayar gadon alade, makiyaya suka samu gwajin da suka rage lahanin a garkunansu da shi.

Na ja wannan zance ne don abu biyu da nake ji a unguwa. Na ɗaya, wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma raki ko tsoron asibiti ke kawo shi ba, don haka kada a ɓata wa wani gida suna wajen neman aure. Na biyu, alade sai ya gaji lahanin ta uwa da uba kafin cutar ta bayyana sosai, amma ɗan Adam ɓangare ɗaya ya isa. In uba na da ita, ko uwa, kowane ɗa da suka haifa rabi da rabi ne, mace ko namiji. Ba sai an yi auren zumunci ba.

To yanzu ga abin yi, kuma tun kana lafiya ake fara shi, ba ranar da aka ɗora ka a gadon da ake turawa ɗakin tiyata ba.

Ka nemi tsofaffin gidanku, mata musamman, domin su ke riƙe da lissafin wa ya mutu, yaushe, da me. Ka bi ɓangaren uwa ka bi na uba. Waɗanda ke Kano ko Damagaram ko Mai Wurno ka tura musu saƙon murya ta WhatsApp, ka bar su su yi tunani. Kada ka ce "akwai mai matsalar banju a danginmu?", za a ce maka babu. Tambaya irin tasu za ka yi. Wa ya shiga aiki da ƙafarsa bai farka ba? Wa aka ce zazzaɓi ya rufe shi ana tsakiyar aiki, ko jim kaɗan da fitowa? Wa aka fasa yi wa aiki bayan an sa shi barci, aka ce haƙoransa sun datse an kasa buɗe bakin? Wa ya farka daga ƙaramin aiki ya tsinci kansa a ɗakin kulawa ta musamman? Wa ya yi baƙin fitsari da ciwon tsoka mai tsanani bayan aiki, ko bayan wahala a rana? Akwai yaran da aka haifa da raunin tsoka, masu jinkirin tafiya ko karkatar gadon baya? Wannan ta ƙarshe na da muhimmanci, domin wasu cututtukan tsoka na gado daga ƙofar RYR1 ɗin suke.

Abin da ka samo ka rubuta: dangantakarku, shekarunsa, wane irin aiki, wace shekara, wane gari. Ba duk wanda ya mutu a tiyata wannan ce ta kashe shi ba, zubar jini da ciwon zuciya sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Tacewa aikin likita ne, naka kawowa. Amma saurayi lafiyayye da ya mutu a ƙaramin aiki kamar ƙaba ko cire belu, jikinsa da zafi a sandare, wannan ko a waya aka ba ni labari sai na miƙe zaune.

Sai batun wa za ka gaya wa. Mutanenmu na zuba wa likitan da zai yi yanka labari duka, in mai banju ya zo da takardarsa sai su ce ba komai. Shi ne kuwa mai bukatar labarin. A yawancin asibitocin nan ana tura mutum ganin likitan banju kwanaki kafin aiki. Can za ka faɗa, kuma ka sake faɗa ranar aikin ga wanda ka gani tsaye a kanka, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. In Larabcinka bai kai ba, ka riƙe wannan: "fi ahli wahid mat tahtal banj", wato a dangina wani ya mutu a ƙarƙashin banju. Wannan jimla kaɗai ta isa ta tsayar da kowane likitan banju ya ja kujera. Na san masu ɓoyewa don kada a ɗaga musu ranar da suka yi wata uku suna jira. In ma an ɗaga, da wuya ya wuce a mayar da kai na farko a layin gobe.

Kada kuma ka ce ai an taɓa sa ni barci sau biyu lafiya lau. Wannan cuta ba ta tashi kowane lokaci. An sha samun wanda ya wuce banju sau da dama sumul, sai a na gaba ta kama shi.

In akwai zargi a danginku, kana da damar yin tambaya, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ka tambaya ko akwai dantirolin a cikin ginin, ba a wani reshe ba. Ana sayar da shi da sunan Dantrium, kuma ƙungiyar MHAUS ta Amurka, wadda ke bin wannan cuta tun 1981, na ba da shawarar a ajiye kwalba 36 inda za a iya kawo su cikin minti 10. Akwai sabon samfuri, Ryanodex, mai miligiram 250 a kwalba ɗaya da ke narkewa da ruwa mililita 5 kacal. Wanda ya taɓa girgiza kwalba takwas da hannu ya san darajarsa. Maganin na da tsada kuma yana lalacewa a kan kanta bayan 'yan shekaru ba a taɓa shi ba, shi ya sa ƙananan wurare ke jin nauyin sayensa. Ni a ganina a nan haɗarin ya fi yawa: ƙaramin asibitin haƙori da ke sa yara barci, wurin kaciya, wuraren gyaran jiki. Babban asibiti ya fi su shiri. In ka tambaya aka tsaya ana kallon juna, ɗauki yaronka ka tafi wani wuri.

Abubuwan da ke tayar da cutar ba su da yawa. Iskar banju da ake shaƙa ce, wato halotan, aisofuluren, sebofuluren, desfuluren da tsohon banjun nan da ake kira "ether", sai allura ɗaya ta sakin tsoka, sakisamitoniyam, wadda mu a ɗakin aiki muke kira Scoline. Shi ke nan. Sauran duk suna da aminci ga mai wannan gado: farar allurar nan mai kama da madara, furofofol, da ketamin, da magungunan kashe zafi dangin mofin, da sauran alluran sakin tsoka, da allurar baya, da allurar kashe wuri ɗaya irin ta haƙori. Saurayin Melbon ɗin ma daga baya an sake yi masa wani aiki da allurar baya, ya tashi lafiya. Saboda haka ba wanda za a hana aiki don yana da MH, kuma kada tsoro ya sa ka zauna da ciwon da ke bukatar wuƙa. Abin da muke yi shi ne mu cire tulunan iskar banju daga na'ura, mu canza bututu da sodalaim, mu wanke cikinta da iska mai ƙarfi na tsawon lokaci ko mu ɗaura matatar gawayi, sa'an nan a riƙe barcin da allura ta jijiya daga farko har ƙarshe, ana kallon numfashi da zafin jiki.

Mata masu ciki, ga naku. In mijinki ne ke da ita, ke ba ki da ita, duk da haka ki faɗa tun a awo, domin jaririn na iya gadonta, kuma in ta kama a yi miki aiki za a kauce wa waɗancan magunguna har a ciro shi. Allurar baya da aka saba yi wa masu haihuwa ba ta da matsala.

Gwajin tabbatarwa iri biyu ne. Akwai na ƙwayar gado, da jini ake yi, kuma ya fi amfani in an fara da wanda cutar ta taɓa kamawa. In aka samu harafin da ya sauya a jikinsa, sai a nemi wannan harafin a sauran dangi. Wanda aka samu yana da shi magana ta ƙare. Wanda ba a samu ba kuwa bai kuɓuta ɗari bisa ɗari ba, domin ba duk sauye-sauyen aka sani ba. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na tsoka da na kwatanta: a ciro 'yar tsoka daga cinya, a gwada ta da halotan da kafeyin tana da ranta. Dole mutum ya je da kansa inda ake yi, kuma cibiyoyin kaɗan ne a duniya, Ingila ma guda ɗaya ce a Lidis. Ga yawancinmu hanya mai sauƙi ita ce duk wanda ke da dangantaka ta jini da mai cutar a ɗauke shi kamar yana da ita har sai an tabbatar da akasin haka. Kuma kada ka dogara da gwajin kafin aure da aka wajabta a nan Saudiyya tun 2004. Sikila da talasimiya yake nema, da wasu cututtuka masu yaɗuwa da aka ƙara daga baya, wannan ba ta ciki.

Wanda abin ya taɓa faruwa da shi, kada ya bar asibiti sai da rahoto a rubuce, takrir, mai sunayen magungunan da aka ba shi da abin da aka gani. Ya ɗauki hotonsa ya raba wa 'yan uwa. Kuma bayan rikicin ya lafa dole a ci gaba da sa ido aƙalla awa 24, domin yakan dawo.

Ranar haɗarin mota ba ka da bakin magana, don haka ka bar abin da zai yi magana a madadinka. Ƙaramin kati a bayan igama, wato katin zama, da Larabci da Turanci, mai haruffan MH manya, da "a guji iskar banju da Scoline", da lambar wani naka. Ka sa shi kuma a fuskar wayarka ta kulle, in da hali ka yi munduwa. Mai tafiya gida hutu ya fi kowa bukatar wannan, domin a asibitoci da yawa a ƙasashenmu halotan ya daɗe yana aiki, dantirolin kuwa samunsa sai an tona. Abin da ke kwantar da hankali shi ne ketamin da allurar baya na nan kusan ko'ina, kuma ma'aikatan can sun ƙware a kansu ƙwarai. In ka faɗa da wuri, suna da abin da za su yi maka.

Sai rana, tunda a Hijaz muke. Wasu masu wannan gado, ba duka ba, tsokarsu na narkewa in suka haɗa aikin ƙarfi da zafi, kamar yadda aladun can ke yi a mota. In kana cikin irin wannan dangi kuma kana dako, ko gini, ko tura keken alhazai a Mina, ka ɗauki dokar hana aiki a rana da muhimmanci, wadda ke aiki daga 12 zuwa 3 na rana tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ka sha ruwa, kada ka yi aikin ƙarfi kana zazzaɓi, in ka ga fitsari ya yi baƙi tare da ciwon tsoka ka tafi asibiti a ranar, ko ka kira motar asibiti a 997. Amma kada a haɗa wannan da bugun rana da ke kayar da tsofaffi a Arafa. Wancan daban ne, maganinsa sanyaya jiki da gaggawa, kuma binciken da Abderrezak Bouchama da abokan aikinsa suka wallafa daga nan Saudiyya a 1991 ya nuna dantirolin bai ƙara wa masu bugun rana komai ba. Akwai kuma wani zafin jiki da sandarewa da ke kama wasu masu shan maganin taɓin hankali irin su haloferidol. Shi wannan daga ƙwaƙwalwa yake da gaske, domin dofamin maganin ke toshewa, kuma a hankali yake zuwa cikin kwanaki, ba cikin mintuna ba.

Bayan shekara guda da 'yan watanni yaron ya dawo a cire masa ƙarfen. Sunansa ne na farko a allo, da jan alƙalami a gefe. Tun ƙarfe 6 na cire tulunan na kai su wani ɗaki, na bar iska na gudu a na'ura, na jera kwalaben dantirolin a kan tebur inda ido ke ganinsu. Aka kashe masa hannun da allura a hammata, aka ɗan ba shi farar allura ya yi gyangyaɗi, minti 35 aka gama. Da na fito, Hajiya na kan bencin nan dai, ta jawo wata takarda daga jakarta ta miƙo mini. Jikarta ce ta rubuta mata: sunayen 'ya'yanta da jikokinta da 'ya'yan ƙannenta, na Jidda da na gida, mutum 41, an ja layi a ƙarƙashin waɗanda saƙo ya riga ya isa gare su. Saura tara, ta ce, suna wani ƙauye da waya ba ta shiga, amma akwai mai zuwa bayan Sallah.